Abin da Waya Ta Sani, Baki Bai Faɗa Ba

Shekara da shekaru aikin mai binciken jama'a guda ne. Zai yi sallama a ƙofar gida, a shimfiɗa masa tabarma, ya buɗe takarda ya shiga tambaya. Awa nawa ka yi barci? Nawa aka kashe a cefane makon jiya? Gonarka eka nawa ce? Duk abin da mai gida ya faɗa shi ke shiga littafi, daga littafi ya wuce lissafin gwamnati. Yanzu an samu shaida na biyu, wato wayar da ke aljihu da agogon zamani da ke wuyan hannu. Tun da masu bincike suka fara jin ta bakin wannan shaida, abubuwan mamaki ke ta ɓullowa. Ga wasu daga ciki.

A batun motsa jiki ne baki ya fi jin kunya. A 2008, binciken lafiya da ake yi duk shekara a Ingila ya tambayi mutane yawan motsa jikin da suke yi. Bisa amsoshinsu, kashi 39 cikin 100 na maza da kashi 29 na mata sun cika gwargwadon da likitoci suka ba da shawara. Sai aka ɗaura wa wasu daga cikinsu 'yar na'urar auna motsi a ƙugu har mako guda. Da aka karanta na'urar, maza kashi 6 ne suka cika, mata kashi 4. Amurka ma ta ga haka a bincikenta na 2003 zuwa 2004, inda na'ura ta nuna manyan da ke samun minti 30 na motsa jiki a rana ba su kai kashi 5 ba. Ni dai ban ɗauki mutanen nan maƙaryata ba. Mutum yakan tuna ranar da ya yi gumi, ya manta ranakun da ya wuni a kujera, kuma ba mai son baƙo ya rubuta shi a sahun malalata. Ita ma na'urar tana da inda ba ta gani: ba ta san iyo ba, tuƙin keke kuwa da ƙyar take jin sa.

Ko yadda muke taɓa wayar kanta ba mu sani ba. A 2015 aka saka wa mutum 23 a Ingila manhaja mai ƙirga duk sanda fuskar wayarsu ta kunnu, tsawon mako biyu. Ya kama sau 85 a rana, wajen ninki biyu na abin da suka zata, da kimanin awa biyar a kan waya.

A 2017 masana a Jami'ar Stanford suka wallafa ƙididdigar taku ta mutum 717,527 daga ƙasashe 111, duk daga wayoyinsu. Mutanen Hong Kong ne a gaba da taku 6,880 a rana, Indonesiya a baya da 3,513, duniya gaba ɗaya kuma wajen 5,000. Abin da ya fi ɗaukar hankali bai zo daga wannan jeri ba. Sun gano cewa idan ana son hasashen yawan masu ƙiba a ƙasa, tazarar da ke tsakanin masu yawan tafiya da marasa tafiya ta fi matsakaicin takun ƙasar amfani. Kuma inda tazarar ta yi faɗi, mata ne aka bari a baya. Sai dai duk mutanen nan masu iPhone ne da suka sauke wata manhajar lafiya don kansu. Yarinyar da ke zuwa rijiya sau huɗu kafin azahar, da makiyayin da ke bin shanu daga safe zuwa magariba, takunsu bai shiga lissafin ba.

Taku 10,000 da agoguna ke tunasar da mutane kullum ba daga asibiti ya fito ba. Daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali, wadda kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965. Da masu bincike a Harvard suka ɗaura na'ura ga tsofaffin mata 16,741, sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna masu taku kusan 4,400 sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma ribar ta daina ƙaruwa a wajen 7,500.

Ranar 24 ga Agusta 2014, da ƙarfe 3:20 na dare, ƙasa ta girgiza a yankin Napa na jihar Kalifoniya. Kamfanin Jawbone, mai yin awarwaron da ke auna barci, ya duba bayanan masu sanye da shi. A garuruwan da ke kusa da cibiyar girgizar, kashi 93 sun farka nan take, kuma kusan rabinsu ba su sake runtsawa ba har gari ya waye. Da takarda aka bi su da ita bayan wata guda, ba wanda zai iya cewa ga mintin da ya buɗe ido.

Wata manhaja ta Jami'ar Michigan, da aka yi don matafiya masu fama da sauyin lokaci, ta tara bayanan barcin dubban mutane. Sakamakon 2016 ya ce mutanen Holan sun fi kowa barci, awa 8 da minti 12, na Singapo da Japan kuma awa 7 da minti 24.

Farin ciki ma an sa masa ma'auni. Dabarar ta girmi wayar zamani. Tun a shekarun 1970 Mihaly Csikszentmihalyi na Jami'ar Chicago yake ba mutane 'yar na'ura mai ƙara, duk sanda ta yi ƙara sai mutum ya rubuta abin da yake yi da yadda yake ji a wannan lokacin. Waya ta mayar da aikin mai sauƙi. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Harvard suka riƙa taɓo mutum 2,250 ta waya a lokutan da ba su zata ba, suka tarar kusan kashi 47 na lokacin hankalin mutum ba ya kan abin da hannunsa ke yi, kuma idan hankali ya tafi yawo, nishaɗi yana raguwa. A Birtaniya, manhajar Mappiness ta haɗa amsar mutum da wurin da yake tsaye. Ta nuna mutane sun fi walwala a fili mai tsirrai ko bakin ruwa a kan tsakiyar birni. Daga ayyuka 40 da mutum zai iya zaɓa, aikin albashi ne ya zo na biyun ƙarshe wajen jin daɗi. Kwanciyar jinya kaɗai ta fi shi muni.

A batun taku kuma, wasan waya na Pokémon Go da ya fito a 2016 ya fitar da matasa titi suna farautar dodannin waya. Wani bincike a Amurka ya ga ƙarin taku kusan 955 a rana a makon farko. Zuwa mako na shida ƙarin ya ɓace.

Annobar korona ce ta nuna iyakar amfanin waɗannan kaya. A Maris 2020 aka fitar da wata manhaja a Birtaniya, ta haɗin gwiwar kamfanin ZOE da King's College ta Landan, inda mutum ke shigar da yadda jikinsa yake kowace rana. Sama da mutum miliyan huɗu suka shiga. Daga amsoshinsu aka ga cewa rasa jin ƙamshi da ɗanɗano babbar alamar cutar ce, kuma a watan Mayu hukumomin lafiyar ƙasar suka saka ta cikin alamomin da ake dubawa. A Jamus, Cibiyar Robert Koch ta roƙi masu agogon zamani su ba da gudummawar bugun zuciyarsu da barcinsu, sama da mutum 500,000 suka amsa, aka riƙa zana taswirar zazzaɓi da bayanan. A Najeriya abin ya fi sauƙi, kuma ya yi aiki. Da kulle ya hana jami'ai shiga gidaje, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya suka koma kiran waya daga Afrilu 2020, suna bibiyar gidaje 1,950 game da abinci da sana'a da karatun yara. Lambobin sun samo su ne daga gidajen da aka ziyarta ido da ido a binciken 2018 zuwa 2019, wato sai da ƙafa ta taka kafin waya ta yi amfani.

To amma wa ke amsa wayar? Wani nazari da aka wallafa a 2019 ya gwada hanyoyi uku a Najeriya da lambobin da kwamfuta ta zaɓo. Inda mutum ne ya kira da bakinsa, kimanin kashi 15 suka amsa. Inda muryar na'ura ce ke cewa danna ɗaya, danna biyu, kashi 3. Saƙon tes kuwa ko kashi 1 bai samu ba. A duka ukun, mata da tsofaffi da mutanen karkara da waɗanda ba su yi boko mai zurfi ba sun yi ƙaranci. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda muke ɗari-ɗari da baƙuwar lamba saboda 'yan damfara. Ga kuma ƙididdigar cibiyar Pew ta 2018, wadda ta ce kashi 39 na manya a Najeriya ne ke da babbar waya, alhali a Koriya ta Kudu kashi 95 ne.

Turawa ma ba rububin shiga suke yi ba. A 2016 aka roƙi mutanen da suka saba amsa tambayoyin wani dogon bincike na gidaje a Birtaniya su sauke manhaja, su riƙa ɗaukar hoton rasit ɗin sayayyarsu na wata guda. Kashi 13 ne suka yi. A Jamus, a 2018, cibiyar binciken ayyukan yi ta gayyaci masu wayar Android su bari wayarsu ta riƙa aiko da bayanai na wata shida, da ɗan tukwici. Wajen kashi 16 suka saka manhajar.

Wannan matsala tana da kaka. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika wa mutum kusan miliyan 10 takardar tambayar wanda za su zaɓa a zaɓen shugaban ƙasa, sama da miliyan biyu suka maido. Ta shelanta cewa Alf Landon zai ci. Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta tara sun fito ne daga littafin masu tarho da rajistar masu mota da makamantansu, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan waɗanda suka ɗauki wahalar maido da amsa sun fi karkata ga masu jin haushin gwamnati. George Gallup, mai binciken ra'ayin jama'a, da mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta, ya faɗi wanda zai ci daidai. Mai sayen wake a kasuwar Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya soka ƙarfe tsakiya da ƙasa ya ga abin da zai fito. Bayanan waya miliyan guda, in duk daga bakin buhu suka zo, yawansu ba ya gyara su.

Birnin Boston ya taɓa fitar da manhajar Street Bump, wadda ke jin girgizar mota idan ta faɗa rami ta aika wa hukuma wurin. Dabara ce mai kyau, amma nan da nan aka lura da haɗarinta: unguwar da ta fi masu mota da manyan wayoyi ita za ta fi kai ƙara, ramukan unguwar talakawa su zauna ba mai jin su.

Na'urar kanta takan yi kuskure, kuma wani kuskuren ya shafe mu kai tsaye. A 2017 aka gwada agoguna bakwai a Stanford. Shida sun auna bugun zuciya da kyau, amma wajen lissafin kuzarin da jiki ya ƙona babu ko ɗaya da ya dace: mafi kyawun ya kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Yawancin agogunan nan koren haske suke haskawa cikin fata don su ga gudun jini, kuma a wannan gwajin kuskure ya fi yawa ga masu duhun fata. Duk mai shirin raba agoguna a Kano ko Maraɗi don bincike, ya kamata ya fara gwada su a hannun mutanen wurin. Ya kuma tuna cewa agogo lilon hannu yake ƙirgawa, don haka matar da ke daka za a iya rubuta mata tafiyar da ba ta yi ba, mai tura kurar ruwa da hannayensa ke kafe a kan ƙarfe kuma a tauye masa tasa.

Waya kuwa inda take ta sani, ba inda mai ita yake ba. A garin da wuta ba ta tsayawa, waya kan wuni a shagon mai caji yayin da mai ita ke gona. A gida guda miji da mata da babban ɗa kan yi tarayya a waya ɗaya, wani kuma yana da layi uku shi kaɗai. A Berlin, a farkon 2020, wani mai zane-zane, Simon Weckert, ya nuna bidiyon yadda ya zuba waya 99 a 'yar kura ya ja ta a titin da ba kowa, taswirar Google ta yi ja tana cewa cunkoso ya tsayar da hanya. A China har na'urar lila waya ake sayarwa, ta wuni tana kaɗa ta don taku ya taru.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wanda waya ta fi sa wa ido shi ne mai ɗaukar bayanin kansa. Tsohuwar cutar wannan sana'a ita ce jami'i ya zauna a inuwa ya cika takardun gida ashirin da kansa. Manhajoji irin su ODK, wadda ta fito daga Jami'ar Washington a wajen 2008, da KoboToolbox, da Survey Solutions ta Bankin Duniya, suna iya rubuta wurin da aka yi hira da mintocin da ta ɗauka. Hirar awa guda da aka kammala a minti bakwai ba ta ɓuya. Ghana ta yi ƙidayarta ta 2021 da ƙananan kwamfutocin hannu, karo na farko a tarihinta, Kenya kuma ta riga ta a 2019.

Arewacin Najeriya na da nasa babi a wannan tarihi. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, daga wajen 2012, an riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke rubuta inda suke kowane 'yan mintoci. Da yamma a karɓi wayoyin, a ɗora sawun a kan taswirar da aka zana daga hoton tauraron ɗan'adam, a ga unguwa ko rugar da ba a shiga ba, a koma washegari. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta kasance cikin masu tafiyar da aikin. Kafin nan da taswirar hannu ake aiki, kuma sabuwar taswirar ta fito da ƙauyuka da rugage da tsohuwar ba ta san da su ba. Wannan shi ne amfanin fasahar da ya fi burge ni, domin maimakon ta tsaya a kan waɗanda ke da waya, sai aka yi amfani da ita wajen nemo waɗanda aka manta. Duk da haka waya na nuna inda ƙafa ta taka ne, ba ta shaida an ɗiga wa yaro magani. A Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

A gona ma gani ya kori ji. Binciken noma na Bankin Duniya a ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya da Nijar, ya sa jami'ai zagaye gonaki da na'urar GPS. An ga masu ƙananan gonaki kan faɗi fiye da abin da suke da shi, masu manyan kuma ƙasa da shi, abin da ke karkatar da duk lissafin amfanin gona a kowace eka. A Zambiya, masu bincike daga Jami'ar Hohenheim ta Jamus sun ba iyalan manoma wayoyi da manhajar Timetracker, wadda ba ta buƙatar iya karatu. Hotuna ne kawai, na noma da girki da ɗebo ruwa da sauransu, mutum ya taɓa hoto idan ya fara aiki, ya sake taɓawa idan ya gama.

Har talauci ana hasashensa daga yadda mutum ke amfani da layinsa. Joshua Blumenstock da abokan aikinsa sun yi hira da mutum 856 ta waya a Ruwanda, suka gwama amsoshinsu da tarihin kiransu, sannan suka yi hasashen arzikin masu layi miliyan ɗaya da rabi. Taswirar da suka fitar a 2015 ta yi kusa da ta babban binciken gida-gida na ƙasar. A lokacin korona Togo ta ɗauki wannan hanya a shirinta na tallafi mai suna Novissi don zaɓo mabuƙata a karkara. Nazarin da ya biyo baya ya ce hanyar ta fi raba tallafi bisa yanki kawai, amma ba ta kai cikakkiyar rajistar gidaje ba, kuma wanda ba shi da layi ba ta ganin sa sam. A Haiti, bayan girgizar ƙasa ta Janairu 2010, motsin layukan Digicel kusan miliyan 1.9 ya nuna kimanin mutum 630,000 sun bar babban birnin cikin kwana 19, ya kuma nuna inda suka nufa.

Wanda ya iya ganin inda mutane suka gudu don a kai musu agaji, yana iya ganin inda kowa ya kwana. A Nuwamba 2017 kamfanin Strava, mai manhajar masu guje-guje da tuƙin keke, ya wallafa taswirar duniya da ke haska duk hanyar da masu amfani da shi suka bi. A Janairu 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya mai shekara 20, Nathan Ruser, ya lura da wasu zobba masu haske a tsakiyar duhun hamada. Sawun sojoji ne masu motsa jiki a kewayen sansanoninsu, a Siriya da Afghanistan da Jibuti, wasu kuma suka hango irinsu a yankin Sahel. Kafin ƙarshen shekarar ma'aikatar tsaron Amurka ta hana dakarunta kunna na'urar nuna wuri a fagen aiki.

Goge suna daga bayanai ba ya wadatarwa. Wani nazari na 2013 ya duba motsin mutum miliyan ɗaya da rabi na wata 15, ba suna ba lamba. Sanin wurare huɗu da mutum ya je da lokacin da ya je su ya isa a ware kashi 95 na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Gida da masallaci da kasuwa da asibiti sun kai huɗu. Shi ya sa nake ganin neman izini a irin wannan bincike ya fi na takarda nauyi nesa ba kusa ba. Mai amsa tambaya da baki yana iya yin shiru a kan abin da ba ya son faɗa, amma wanda ya danna amincewa a manhaja sau ɗaya ya yi, wayar kuma ta ci gaba da magana dare da rana. Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a Yuni 2023, da hukumar da ke kula da ita. Abin da ya rage shi ne a bayyana wa mutum da harshen da yake ji me za a ɗauka, wa zai gani, har zuwa yaushe. Da masu bincike a Jamus suka tambayi jama'a sharuɗɗan da za su sa su yarda a saka musu irin wannan manhaja, amsa ta fi karkata ga bincike na gajeren lokaci, wanda jami'a ce ke yin sa, da tukwici, kuma da damar mutum ya kashe manhajar da hannunsa duk sanda ya ga dama.